AMANAR MAI JUNA BIYU: HAƘƘIN MACE MAI CIWON SUKARI A KAN MIJINTA DA DANGINTA

Godiya da yabo sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam a cikin mahaifa daki-daki, Ya ciyar da shi a wurin da hannun uwa da na uba ba su kaiwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi wa kaina da ku wasiyya da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Nasiharmu a wannan karo ta shafi mace mai juna biyu wadda Allah Ya jarraba da ciwon sukari, da abin da ya wajaba a kan mijinta, da uwar mijinta, da abokiyar zamanta, da sauran mutanen gida game da ita. Wani zai ce ai wannan zancen likitoci ne, me ya kawo shi masallaci? Amsa ita ce, likita yana ganin matar nan ne na ɗan lokaci a wata, mu kuwa muna tare da ita dare da rana, kuma rayuka biyu ne a cikin lamarin, waɗanda Shari'a ta yi umarni da a tsare su.

Da yawa cikinmu sun san irin wannan labari, ko a Bangi da Sabon Gida na ƙasar Madawa, ko a Karofan da Tabotaki na ƙasar Buza, ko a Tamaske da Garhanga na ƙasar Keita. Mace ta haifi jariri ƙato bayan doguwar naƙuda, aka yi ta barka ana cewa ɗa ya yi kyau. Ciki na gaba ya kai wata tara, ɗan ya daina motsi, aka haife shi ba rai. Na bayansa ya zo da rai, ya kwana ɗaya ko biyu ya koma. Daga nan sai a fara kiranta mai wabi, wasu su ce iska ce, wasu su ɗora wa kishiya laifin sammu, a kwashi dukiya a kai wa boka, zumunci ya lalace. Alhali kuwa a cikin irin waɗannan mata akwai waɗanda sukari ne ya yi yawa a jininsu, abin da awon jini zai nuna, kuma yana da magani.

Babu shakka rai da ajali suna hannun Allah, kuma wanda kwanansa ya ƙare babu likitan da zai ƙara masa sa'a guda. To amma Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci al'ummarsa da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik, kuma ya umarci mai raƙuma da ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci tambaya ranar Alƙiyama.

YADDA CIWON YAKE

Duk abin da muka ci na gero, dawa, masara, shinkafa ko alkama yana narkewa ya zama sukari a cikin jini. Allah Ya halicci wata gaɓa a bayan tumbi mai fitar da sinadarin da likitoci ke kira insulin, wanda ke buɗe wa sukarin nan hanya ya shiga tsokar jiki ya zama ƙarfi. Idan mace ta ɗauki ciki, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, domin abinci ya wadaci ɗan da ke ciki. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin har a daidaita. Wasu kuwa jikinsu ba ya iyawa, sai sukari ya taru a jini, galibi daga tsakiyar ciki zuwa gaba. Akwai kuma wadda dama tana da ciwon tun kafin ta ɗauki ciki, ko ta sani ko ba ta sani ba, ita kuwa haɗarinta ya fi girma, domin yawan sukari a makonnin farko yana iya taɓa halittar ɗan.

Sukarin da ya taru a jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin ɗan, sai ya yi ta tara kitse har nauyinsa ya kai kilo 4 ko fiye. Wajen haihuwa kai yana iya fitowa kafaɗa ta maƙale, naƙuda ta tsawaita, uwa ta yage ko a kai ga yi mata aiki. Wani ɗan yakan mutu a ciki ana dab da haihuwa. Wanda ya fito da rai, da zarar an yanke cibi sukarin uwa ya daina zuwa masa, alhali jikinsa ya saba fitar da insulin mai yawa, sai nasa sukarin ya faɗi ƙasa, ya yi laushi, ya ƙi kama nono, ko ya yi ta zabura. Ita kuma uwa tana cikin haɗarin hawan jini da jijjiga, da taruwar ruwa mai yawa a mahaifa.

Abin da ya sa ciwon nan ke ɓoyuwa shi ne sau da yawa ba ya nuna alama ko kaɗan. Idan ma ya nuna, ƙishirwa ce da yawan fitsari da kasala, waɗanda kowa zai ce na ciki ne. Tarayyar ƙungiyoyin ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa cikin kowace haihuwa 6 a duniya, ɗaya uwar ta yi fama da yawan sukari a lokacin goyon cikin, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke. Waɗanda suka fi kusa da shi su ne mace mai ƙiba, da wadda shekarunta suka haura 35, da wadda uwarta ko ubanta ko ɗan'uwanta ke da ciwon, da wadda ta taɓa haihuwar ƙaton jariri, ko ta taɓa haihuwar ɗa ba rai ba a san dalili ba.

Hanyar ganewa ita ce awon jini. Mai ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ana so a auna ta tun zuwanta awon ciki na farko. Babban awo kuwa tsakanin mako na 24 da na 28 ake yinsa, wato wajen wata na shida. Za ta zo da safe ba ta ci komai ba, a ɗebi jini, a ba ta ruwa mai giram 75 na sukarin awo ta sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, idan takardar awo ta nuna giram 0,92 a lita kafin sha, ko 1,80 bayan awa ɗaya, ko 1,53 bayan awa biyu, to ciwon ya tabbata. Idan babu kayan awon a gidan likitan da ke kusa, sai a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma a Madawa, Buza ko Keita.

ME YA SA NAUYIN YA HAU KAN MUTANEN GIDA?

Ya ku bayin Allah, maganin wannan ciwo na farko shi ne gyara abinci, da motsa jiki, da yawan komawa awo. Idan waɗannan ba su wadatar ba sai a ƙara da ƙwaya ko allurar insulin. To mu duba gidajenmu da idon gaskiya. Matar da aka ce ta koma awo, ba ta fita sai da izini. Kuɗin mota da na magani a aljihun maigida suke. Hatsin da za a daka shi ne ke auna tiyarsa daga rumbu, tukunya kuma ta gida ce gaba ɗaya, yau girkin wannan gobe na waccan. Idan ungozoma ta zaunar da mace ita kaɗai ta yi mata bayani, ta dawo gida babu wanda ya ji, to an ba da umarni ga wadda ba ta da ikon zartarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ta'ala Ya ambaci wahalar mai ciki a Suratu Luƙman aya ta 14 da Suratul Ahƙaf aya ta 15, Ya siffanta halinta da rauni mai hauhawa, da wahala wajen ɗauka da wajen saukewa. A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6, Ya wajabta ciyar da mai ciki har ta haihu ko da an sake ta. Idan wannan ne haƙƙin wadda aure ya mutu tsakaninka da ita, to ina ga wadda ke ɗakinka? Kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya kowane magidanci makiyayi a kan iyalinsa, wanda za a tambaya game da kiwon da aka ba shi.

Mu tuna da Sayyidina Usman ɗan Affan (R.A.). A watan Ramadan na shekara ta 2 bayan Hijira, da Musulmi za su fita Badar, matarsa Nana Ruƙayya, ƴar Manzon Allah, tana kwance ba lafiya. Annabi (S.A.W.) ya bar shi a Madina ya yi jinyarta, ya kuma ba shi lada da rabon ganima irin na wanda ya halarci yaƙin. Babu rana a tarihin Musulunci da aka fi buƙatar kowane namiji kamar ranar Badar, amma aka ajiye babban sahabi kusa da shimfiɗar matarsa. Wanda ke ganin jinyar mace ƙasƙanci ce ga namiji, sai ya gaya mana ko ya fi Usman daraja.

ABIN DA KE KAN MIJI

Na farko, izini. Ya kai ɗan'uwa magidanci, ka ba iyalinka izini tabbatacce na zuwa awo tun ciki yana ƙarami, kada ta riƙa jiran ka dawo daga gona ko kasuwa duk ranar da aka ba ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa kowace mai ciki ta gana da ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, mai ciwon sukari kuwa za a neme ta fiye da haka. Al'adarmu ta ɓoye ciki, musamman na fari, har sai ya fito fili, tana cinye watannin da ya kamata a yi awo a cikinsu. Kunya tana daga cikin imani, amma matan Ansar an yabe su da cewa kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu da jikinsu ba.

Na biyu, kuɗi. A shekarun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta yi dokokin da suka mayar da aikin fidda jariri da awon ciki kyauta. Duk da haka kuɗin mota, da wasu gwaje-gwaje, da magani, da abincin mai jinya, sukan faɗo kan iyali. Wasu maza sukan fake da cewa malaman fiƙihu na da ba su lissafa kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. Gaskiya ne akwai wannan magana a littattafai. Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halil ya sanya ladan ungozoma a kan miji, domin cikin nasa ne, ɗan ma nasa ne. Malamai na wannan zamani, irin su Shehu Wahba Zuhaili na Sham, wanda ya rasu a 2015, sun bayyana cewa magani a yau ya zama lalura kamar ci da sha, saboda haka ya hau kan miji. Kuma ina kyakkyawan zaman da Suratun Nisa'i aya ta 19 ta yi umarni da shi, idan mutum ya ji daɗin mace tana lafiya, da ta kwanta ya tura ta gidan ubanta? A ware wani abu tun lokacin kaka, ko ranar da aka sayar da albasa, a ajiye shi da sunan wannan ciki.

Na uku, rakiya. Ka bi ta gidan likita ko da sau biyu ne, ka shiga ka zauna, ka ji da kunnenka abin da aka hana ta da abin da aka umarce ta, ka yi tambaya. Maganar da ka kawo gida da bakinka ta fi wadda ta kawo nauyi a wurin mahaifiyarka da sauran matanka.

Na huɗu, shiri kafin tafiya. Kowa ya san ƙasar Adar ƙasar bida ce. Da an gama girbi maza sun kama hanyar Najeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya, wasu sai damina, wasu sai bayan shekaru. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu suka haƙa ramukan dashe, saboda mazan ba su gari. Neman halal ibada ne, babu mai zargin wanda ya fita nema. Amma wanda zai bar mace da ciki da ciwon sukari, wajibi ne ya bar abubuwa huɗu a bayansa: izinin da ya faɗa gaban shaidu cewa a kai ta asibiti ko wace sa'a ba sai an neme shi ba, da wakili amintacce daga cikin muharramanta ko danginsa, da kuɗin da aka ware a hannunta ko hannun wakilin, da sunan mai mota ko mai amalanke da aka riga aka yi magana da shi. Yau ga wayar salula ga gidajen aika kuɗi, nisa ya daina zama uzuri. Ka kira ka tambayi sakamakon awo kamar yadda kake tambayar farashin buhun gero. Idan da hali, ka daidaita dawowarka da watan haihuwarta.

TUKUNYAR GIDA

Yanzu magana ta zo kanku, iyayenmu mata da ƴan'uwanmu mata, domin ku ke riƙe da madafa. Mai ciwon sukari ba a hana ta abinci, kuma haramun ne a bar ta da yunwa da sunan magani, domin yunwa tana cutar da ita da ɗan. Abin da ake so shi ne a rarraba mata: ci uku madaidaita a yini, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, maimakon ta cika ciki sau ɗaya. A rage mata malmalar tuwo da shinkafa da taliya da burodi, a yawaita miyar kuka, kuɓewa da yakuwa, da kwaɗon zogale, rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli, da kabeji da tumatir irin waɗanda ake nomawa a lambunan Tarka da Majiya. A ba ta wake, gyaɗa, nono, cuku, kifi ko nama gwargwadon hali, har da ƙwai, wanda wasu ke hana mai ciki bisa camfin da ba shi da tushe. Fura abincinmu ce, ba za a raba ta da ita ba, amma a dama mata ƴar kaɗan, nono ya fi yawa, ba sukari. Abin da za ta bari gaba ɗaya shi ne lemon kwalba, shayi mai sukari, zoɓo da kunun da aka zaƙaƙa, madarar gwangwani mai zaƙi, alawa da rake.

Mun sani akwai gidajen da idan rumbu ya yi ƙasa fura ce safe fura ce dare. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai kowane magidanci ya lissafa abin da yake kashewa a mako kan shayin majalisa da goro da taba, ya ga ko ba zai sayi tiyar wake ba.

Ke abokiyar zama, ranar girkinki ki ɗebe mata nata kafin ki zuba sukari, ki tuna mata lokacin magani, ki karɓe mata tulu da turmi idan ciki ya tsufa. Wannan sadaka ce da ba ta buƙatar dala ko ɗaya, kuma gobe ke ce za ki iya kwantawa. Kai kuma maigida, ka tara iyalinka ka bayyana musu cewa ƙwai ko naman da ka sayo wa wance magani ne likita ya rubuta, domin kada Shaiɗan ya sami ƙofar cewa an fifita ta. Adalci tsakanin mata bai hana a ba marar lafiya abin da lalurarta ta nema ba.

Game da motsa jiki, matar ƙauye da ke daka da ɗebo ruwa da itace ta riga ta motsa, ita sauƙi take buƙata. Matar gari da ke zaune a gida kuwa, a ƙarfafa ta ta riƙa zagaya tsakar gida minti 10 zuwa 15 bayan kowane ci, kada a ce da ita kwanta ki huta kullum. Idan akwai na'urar awon sukari a gida, yaro ko yarinya mai karatu ya riƙa rubuta sakamakon a littafi ana kai wa likita. Abin da aka fi nema shi ne ƙasa da 0,95 da safe kafin ci, da ƙasa da 1,20 awa biyu bayan ci. Ɗigon jinin da ke fita daga yatsa ba ya karya alwala a mazhabar Malik.

ZAƘI, SAIWA DA ZUMA

Kakanninmu mata sun daɗe suna hana mai ciki yawan shan zaƙi, suna cewa yana tsawaita naƙuda, kuma suna jiƙa saiwoyi da sassaƙe da sunan maganin zaƙi. Hanin da suka yi yana da amfani ga mai wannan ciwo. Amma ruwa ko majinar da ke fita gabanin haihuwa, wadda ake kira zaƙi, daban take da sukarin da ke cikin jini, kuma fitarta ba ta nuna an warke. Ɗacin jiƙo ba ya wanke sukari, wani jiƙon ma yana tayar da naƙuda kafin lokaci ko ya taɓa ƙoda. Kada a ba ta komai sai an nuna wa likita.

Haka nan zuma. Mun yi imani da abin da Suratun Nahl ta faɗa na warakar da ke cikinta. Sai dai malamai sun yi bayani cewa kowane magani yana da cutar da ya dace da ita da gwargwadon da ake sha, zuma kuwa tana ɗaga sukarin jini kamar yadda sukari ke yi. Dabino ma haka, sai ɗan kaɗan bisa shawarar likita. A yi addu'a, a yi tofi da ayoyin Allah, a yi sadaka, a kuma ci gaba da allura. Insulin ba ya cutar da ɗan da ke ciki, kuma fara shi ba alamar ajali ba ce kamar yadda wasu ke tsorata mata. A ajiye kwalbarsa a inuwa mai sanyi, kamar cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, nesa da rana da murhu.

AZUMI

Mata da yawa sukan dage da azumi suna da ciki saboda kunyar a gan su suna ci, ko gudun ramuwa su kaɗai. Hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi ya tabbatar da sauƙin da Allah Ya yi wa mai ciki da mai shayarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa mai cikin da ta ji tsoro ga abin da ke cikinta za ta sha, kuma bisa mashhurin zance ramuwa kawai za ta yi ba ciyarwa. Idan kuwa tsoron halaka ne ko cuta mai tsanani, to shan ya zama wajibi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 19 a Sharja cikin 2009, ta sanya mai ciki mai ciwon sukari cikin waɗanda azumi ke da haɗari mai tsanani a gare su. Saboda haka miji ne ya kamata ya fara cewa da ita ta sha, ya tabbatar an ɗora mata tukunya da rana, ya kuma hana kowa yi mata gori.

RANAR HAƊARI DA RANAR HAIHUWA

Kowa a gida ya san waɗannan alamomi. Idan mai shan magani ko allura ta fara rawar jiki, da gumi, da jiri, da ruɗewar magana, sukarinta ne ya faɗi: a jiƙa ƙwaya uku na sukari a ruwa a ba ta nan take, sannan ta ci abinci. Idan ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita a gefe guda a nufi asibiti. Haka nan ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, da jijjiga, da zubar jini, da fashewar faya kafin lokaci, da zazzaɓi, da aman da ya ƙi tsayawa, da raguwar motsin ɗa, duk ba a kwana da su a gida.

Mai wannan ciwo a asibiti za ta haihu, a inda za a iya yi mata aiki idan ta kama, ko a asibitin gunduma ko a cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Tawa idan an tura ta. Wanda ƙauyensa ke bayan ƙorama, ya san yadda ruwan damina ke yanke hanya a ƙasar Keita da Buza, to ya kai ta gidan dangi a gari tun kafin watanta ya kama. Miji da ƴan'uwansa su kasance a shirye su ba da jini. Idan kuma za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a haɗa ta da katin awonta da maganinta, miji ya je da kansa ya yi wa surukansa bayani.

Da an haihu a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, a ba shi nono cikin awa ta farko, a kuma yawaita ba shi. Al'adar matse dakashi a zubar, a jira kwana biyu ko uku ana ba jariri ruwa ko nonon akuya, haɗari ce ga kowane jariri, ga ɗan mai ciwon sukari kuwa tana iya zama sanadin rasa shi. Kada a ba jariri zuma sai ya cika shekara. A lokacin jego a sassauta wa uwa kunun kanwa mai sukari. Yawancin mata sukarinsu yakan sauka bayan haihuwa, amma da yawa daga cikinsu ciwon yakan dawo musu na dindindin bayan shekaru. Don haka ake so a sake awo tsakanin mako 6 da 12 bayan haihuwa. Mu riƙe shi da abin da muka saba: da an yi arba'in, kafin yawon gaida dangi, a fara da gidan likita. Daga nan a riƙa awo lokaci-lokaci, musamman kafin wani cikin, a kuma ba ta hutu ta shayar da ɗanta ta murmure.

ABIN DA KE KAN JAMA'AR MASALLACI

Tun shekarar 2008 aka fara tsarin makarantun magidanta a jihar Damagaram, inda maza masu aure ke zama ƙungiya-ƙungiya suna tattauna lafiyar matansu tare da ma'aikatan lafiya, daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi. Mu da muke haɗuwa sau biyar a yini mun fi kowa damar yin haka. Liman ya gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi wa maza bayani bayan sallar La'asar. Malamai mata su kai maganar makarantun Islamiyya. A kafa ɗan asusu na kai mai naƙuda asibiti, a san gidajen da mazansu ke bida a riƙa leƙa su ta hanyar da Shari'a ta yarda. Kuma mu kame bakinmu daga kiran mace da sunan wabi, ko cewa ta cika cin kuɗin magani, domin jarrabawa ce ba ita ta ɗora wa kanta ba.

Ya kai ɗan'uwa, idan ka koma gida yau akwai mai ciki a ɗakinka, ka tambaye ta yaushe rabonta da awo, kuma ko an taɓa auna sukarin jininta. Idan ba a taɓa ba, ka sa rana.

Ya Allah Ka sauki mata masu juna biyu lafiya, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka raya mana zuriya a kan Musulunci. Ya Allah Ka jiƙan matan da suka rasu wajen haihuwa, Ka sanya ƴaƴan da suka riga mu su zama masu ceton iyayensu. Ka dawo da matafiyanmu gida lafiya da arzikin halal, Ka ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya, Ka gafarta mana sakacin da muka yi a kan amanar da Ka ba mu. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.